Kujerar Tuba da Akwatin Talakawa: Tarihin Mako Guda a Cocin Sikotilan

A watannin Yuli da Agusta na shekarar 1786, wani manomi ɗan shekara 27 ya miƙe tsaye har Lahadi uku a cocin ƙauyen Mauchline da ke kudu maso yammacin Sikotilan, fasto yana yi masa faɗa a bainar jama'a. Laifinsa shi ne ya yi wa wata budurwa mai suna Jean Armour ciki ba tare da auren da coci ya amince da shi ba. Manomin nan shi ne Robert Burns. A cikin waɗannan makonni ne littafin waƙoƙinsa na farko ya fito daga maɗaba'a a garin Kilmarnock, kuma a yau babu mawaƙin da Sikotilan take alfahari da shi kamarsa. An ɗan yi masa sassauci, aka bar shi ya tsaya a mazauninsa maimakon ya hau kujerar da ake ɗora masu laifi. Amma tsayuwar sai da ya yi ta.

Waɗanda suka yanke masa hukuncin su ne faston ƙauyen, William Auld, da 'yan tsirarun dattawa, manoma da masu sana'ar hannu, mutanen da Burns yake haɗuwa da su a gona da kasuwa. Sun zauna, sun karɓi wasiƙar amsa laifi daga Jean, magatakardansu ya shigar da komai a littafi. Kowace gundumar coci a ƙasar tana da irin wannan littafi, kuma dubbai daga cikinsu suna nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Edinbara. A 2021 aka ɗora hotunan shafukansu fiye da miliyan ɗaya a intanet. Wanda ya buɗe su zai tarar da sunan yarinyar da aka kunyata da sunan tsohuwar da aka ba kuɗin abinci a shafi guda, kuma sau da yawa tarar da ta farko ta biya ita ce ta ciyar da ta biyu.

Tarihin ɗarikar Firesbiteriya akan ba da shi ta manyan sunaye, su John Calvin da John Knox, da yaƙe-yaƙe da sarakuna. Sai dai ƙarfin ɗarikar ya taru ne a cikin hidimomin mako-mako na ikilisiyar ƙauye da ta unguwa. Bari mu bi wannan mako daki-daki, mu ga abin da al'umma take samu, da kuma abin da take biya, idan ta damƙa wa maƙwabta ikon sa ido a kan maƙwabtansu.

Coci a hannun dattawa

Sunan ɗarikar ya samo asali ne daga wata kalmar Girkanci mai nufin dattijo, kalmar da fassarar Littafi Mai Tsarki ta Hausa ta mayar dattawan ikilisiya. A watan Agustan 1560 majalisar dokokin Sikotilan ta soke ikon Fafaroma a ƙasar, ta karɓi aƙidar Furotesta bisa koyarwar da Knox ya ɗebo a birnin Janeba wurin Calvin. Daga nan tambaya ta taso: in babu Fafaroma, wa zai riƙe coci? Ingila ta bar bishop-bishop ɗinta, ta ɗora sarki a samansu. A Sikotilan kuwa an shafe shekara 130 ana ja-in-ja. Sarakunan gidan Stuart suna son bishop domin su ne masu naɗa shi, masu tsananin ra'ayi suna cewa ba su ga wannan muƙami a Nassi ba. Rikicin ya haifar da Alkawarin Ƙasa na 1638 da yaƙin da ya biyo bayansa, kuma bai kwanta ba sai a 1690, lokacin da doka ta tabbatar da mulkin dattawa.

Tsarin hawa-hawa ne. A ƙasa akwai zauren dattawa na kowace gunduma, wato fasto da wasu mazaje daga cikin jama'ar ikilisiya. A sama da shi akwai majalisar yanki, sannan ta lardi, sannan Babban Taro na ƙasa. Ƙuri'ar dattijo ɗaya take da ta fasto, kuma mai jagorantar Babban Taro shekara guda yake yi ya sauka. Wanda hukuncin zaure bai gamshe shi ba yana iya ɗaukaka ƙara, majalisar yanki kuma tana aiko wakilai su duba littafin zaure su sa hannu. Da farko an so a riƙa zaɓen dattawa duk shekara, amma kundin tsari na 1578 ya mayar da muƙamin na har abada. A aikace, dattawan da ke kai su ne sukan zaɓo sababbi, a karanta sunayensu a gaban jama'a a ji ko akwai mai ƙorafi.

Gundumomin ƙasar sun haura 900. A zamanin da babu 'yan sanda, kuma ikon sarki bai cika wuce manyan garuruwa ba, wannan zaure shi ne hukumar da talaka ya fi sani.

Lahadi

Bahaushe ya ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Lahadin Sikotilan kuwa tun yammacin Asabar take somawa. A ɗebi ruwa, a gama niƙa, a shirya abinci, masunta su ja kwale-kwalensu gaɓa, domin ranar Ubangiji ba a aiki, ba a ciniki, ba a wasa. Da safe ƙararrawa takan kaɗa sau uku. Ta farko ta shiri ce. A ta biyu mai karatu zai fara karanta Nassi da jan Zabura ga waɗanda suka iso. A ta uku fasto zai hau mumbari.

Cikin cocin babu gumaka, babu hotuna, babu kayan kiɗa. Mumbari ne tsakiyar komai, a gefensa an kafa agogon yashi domin auna wa'azi, wanda yakan ɗauki awa guda. A farkon zamanin babu bencina, mata su ne masu zuwa da 'yan kujerunsu daga gida. Shi ya sa labarin boren da aka yi a cocin St Giles na Edinbara a Yulin 1637, ranar da aka fara karanta littafin addu'ar da Sarki Charles na Ɗaya ya tilasta, ya zo da wata 'yar kasuwa mai suna Jenny Geddes da aka ce ta jefi mai karatun da kujerarta.

Waƙa ɗaya ce aka yarda da ita, wato Zabura da aka tsara cikin baitoci, a bugun 1564, daga baya a na 1650. Karin da yawancin ikilisiyoyi suka iya bai wuce goma sha biyu ba. Saboda ƙarancin littattafai da masu karatu, mai jan waƙa yakan ba da layi guda, jama'a su amsa a hankali, kowa da irin lanƙwasar muryarsa. Wannan salo na bayarwa da amshi yana nan har yau cikin harshen Gelik a tsibirin Lewis.

Yayin da ake wa'azi, dattawa biyu ko uku sukan fita su zaga gari, suna leƙa mashaya da lunguna, suna rubuta sunayen waɗanda suka ƙi zuwa. Bayan hutun rana a sake dawowa wa'azi na biyu, ko a yi wa yara da barori tambayoyin aƙida. Bukukuwan waliyyai duk an soke su. Kirsimeti ma majalisa ta haramta hutunta a 1640, kuma ba ta zama ranar hutun gwamnati a Sikotilan ba sai a 1958. Da aka share kalanda haka, sai mako ya zama shi kaɗai ne ma'aunin rayuwar addini, Lahadi 52 masu daraja ɗaya.

A gaban mumbari, inda kowa zai gani, nan aka kafa kujerar tuba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce Lahadi uku ga marasa aure da suka yi lalata, shida ga wanda ya maimaita, 26 ga mai aure da ya yi zina, shi kuma cikin rigar buhu. A ƙofar wasu majami'u akwai ƙarfen wuya da aka maƙala a bango da sarƙa, kuma na cocin Duddingston a Edinbara yana rataye har yanzu. Ranar ƙarshe mai laifi zai furta tubansa da bakinsa, dattawa su miƙa masa hannu a gaban jama'a, alamar an karɓe shi, kuma daga ranar wanda ya goranta masa shi ma ya yi laifi.

Zauren dattawa

A garuruwa zaure yakan zauna kowane mako, a ƙauyuka kuma bayan sujadar Lahadi ko duk sa'ad da magana ta taso. An raba gunduma unguwa-unguwa, kowane dattijo da tasa, kuma wajibinsa ne ya kawo rahoton abin da ya gani da abin da ya ji. Ɗaya daga cikin littattafai mafi tsufa da suka tsira, na garin St Andrews, ya fara ne tun 1559, shekara guda kafin majalisa ta yi dokarta.

Shari'o'in lalata su ne suka fi cika shafukan, amma ba su kaɗai ba ne. Akwai karya dokar Lahadi, buguwa, ashar, ƙazafi, rigimar maƙwabta, da mazan da ke dukan matansu. Masaniyar tarihi Margo Todd, wadda ta bi waɗannan littattafai a aikinta na 2002, ta nuna cewa jama'a da kansu suke kawo ƙara, domin zauren ba ya karɓar kuɗin shari'a, yana kusa, kuma yana yanke magana da sauri. Matar da aka ɓata wa suna takan samu a tilasta wa mai ƙazafin ya janye kalamansa a inda ya furta su. Yarinyar da saurayi ya yi wa ciki ya juya baya takan samu zaure ya nemo shi ya ɗora masa ciyar da ɗan. Masu niyyar aure sai an yi shelarsu Lahadi uku, kuma sukan ajiye kuɗin jingina da za su rasa in suka fasa ba dalili. Mai son ƙaura zuwa wata gunduma sai ya tafi da takardar shaidar hali, in babu ita ba za a karɓe shi ba.

Nauyin wannan tsari bai faɗa a kan kowa daidai ba. Ciki ba ya ɓuya, don haka mace ba ta da mafita, alhali namiji yana iya rantsuwa ya wanke kansa, ko ya shiga soja ya ɓace. Akan umarci ungozoma ta tambayi mai naƙuda sunan uban ɗan a lokacin da ciwo ya fi tsanani. Mai dukiya kuma sau da yawa yakan zuba kuɗi a akwatin talakawa a yafe masa hawa kujera. Tsoron kunya ya sa wasu 'yan mata suna ɓoye ciki, sai majalisa ta yi doka a 1690 cewa duk macen da ta ɓoye cikinta, ba ta nemi taimako wajen haihuwa ba, aka kuma sami jaririn a mace ko aka rasa shi, za a ɗauke ta mai kisan kai. An rataye mata a kan wannan doka kafin a sassauta ta a 1809. Haka nan zargin maita, wanda doka ta sa masa hukuncin kisa daga 1563 zuwa 1736, sau da yawa a zauren dattawa ake fara tattara shaidarsa kafin a miƙa wa kotu. Binciken da Jami'ar Edinbara ta kammala a 2003 ya ƙirga mutum 3,837 da aka zarga, kashi 84 cikin ɗari mata.

Munafunci ma bai rasa wurin zama ba. Burns ya yi wa ɗaya daga cikin dattawan Mauchline, William Fisher, waƙar zambo da ta sa sunansa ya zama lakabin mai tsoron Allah na ganin ido. Bayan 'yan shekaru zauren ya tsawata wa Fisher kansa a kan buguwa.

Akwati da makaranta

A ƙofar coci kowace Lahadi dattijo yakan tsaya kusa da farantin baiko. Abin da aka tara, haɗe da tarar masu laifi da kuɗin hayar baƙin mayafin da ake rufa wa akwatin gawa, duk sukan shiga akwatin talakawa. A wurare da dama akwatin yana da makulli fiye da ɗaya, kowanne a hannun mutum daban, domin kada a buɗe shi sai da shaida. Daga ciki ake ba tsofaffi da marayu da makafi ɗan abin hannu, a biya mai shayar da jaririn da aka tsinta, a sayi akwatin gawar wanda ya mutu ba shi da kowa. Mabaratan gunduma akan ba su lambar ƙarfe su rataya, baƙin mabarata kuma a sallame su. Wani lokaci akan yi baiko na musamman saboda garin da gobara ta ci, ko ginin gada, ko fansar matuƙan jirgin ruwa da aka kama aka kai Aljas. Kowane kwabo da ya shiga ko ya fita sai magatakarda ya rubuta. Haka aka riƙe talakawan ƙasar kusan shekara 300, har dokar 1845 ta miƙa aikin ga hukumomin gunduma.

Magatakardan nan yawanci shi ne malamin makaranta, kuma shi ne mai jan Zabura ranar Lahadi. Tun a 1560 Knox da abokansa suka rubuta cewa kowace gunduma ta sami makaranta, bisa hujjar cewa addinin da ya dogara ga Littafi yana bukatar masu iya karanta shi. Kuɗi suka yi ƙaranci, domin manyan masu ƙasa sun riga sun cinye yawancin dukiyar tsohon coci. Sai da aka yi dokoki a 1616, 1633 da 1646, kafin ta 1696 ta ɗora wa masu filayen kowace gunduma gina makaranta da biyan albashin malami. Yaro yakan fara da baƙaƙe, ya wuce zuwa ƙaramin littafin aƙida na Westminster na 1647 mai tambaya da amsa 107, sannan Karin Magana da sauran Nassi. Zaure yakan biya kuɗin makarantar ɗan talaka daga akwati. 'Yan mata an fi koya musu karatu fiye da rubutu, kuma yankin tsaunuka masu jin Gelik ya daɗe a baya. Duk da haka, kafin ƙarshen ƙarni na 18 iya karatu ya zama ruwan dare a ƙauyukan kudancin ƙasar. Makarantun suka ci gaba a ƙarƙashin kulawar coci har dokar ilimi ta 1872.

Makon Jibin Ubangiji

Mako guda a shekara ya fita daban. Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ruwan inabi don tunawa da mutuwar Almasihu, yawancin gundumomi sau ɗaya suke yin sa a shekara, kuma shirinsa yakan ɗauki makonni. Fasto da dattawa za su bi gida-gida suna yi wa manya tambayoyin aƙida. Masu gaba da juna dole su sasanta. Wanda ya tsallake duka biyun sai a ba shi wata 'yar alama ta dalma mai kama da kwabo, wadda ita ce izinin zama a teburi. Hana mutum wannan alama hukunci ne da gari duka zai sani.

Hidimar kanta takan fara da azumi ranar Alhamis, wa'azin shiri ranar Asabar, Jibi ranar Lahadi, godiya ranar Litinin. A yankin tsaunuka an ƙara Juma'a, ranar da mazajen da ba fastoci ba suke tashi ɗaya bayan ɗaya suna bayani a kan aya guda. Ana shimfiɗa dogayen tebura, jama'a su zauna rukuni-rukuni tun safe har yamma, gurasa da ƙoƙo suna wucewa daga hannu zuwa hannu, attajiri kusa da baransa. Mutanen gundumomin maƙwabta sukan zo a ƙafa, a yi musu wa'azi a fili. A Cambuslang kusa da Gilasgo, a Agustan 1742, an ƙiyasta taron da mutum 30,000, kuma George Whitefield yana cikin masu wa'azi. Inda taro ya kai haka ba a rasa 'yan talla da masu neman aure da mashaya, abin da Burns ya yi wa ba'a a wata waƙarsa.

Ficewar 1843 da makon birni

Tambayar da ta fi raba wannan coci ita ce: wa zai zaɓi fasto? Dokar 1712, wadda majalisar Birtaniya ta yi bayan haɗewar ƙasashen biyu a 1707, ta mayar wa masu filaye ikon naɗa shi. Jama'ar da aka horar shekara da shekaru su saurari wa'azi su auna shi ba su ga dalilin da za a kawo musu wanda ba su so ba. Wasu suka ɓalle a 1733, wasu a 1761. Babbar ɓarakar ta zo ranar 18 ga Mayun 1843, sa'ad da fastoci sama da 450, fiye da kashi ɗaya cikin uku, suka bar cocin gwamnati tare da albashinsu da gidajensu, suka kafa 'Yantaccen Coci a ƙarƙashin Thomas Chalmers.

Chalmers ya san inda kuɗi za su fito. Ya lissafa cewa kwabo guda a mako daga kowane gida, in an tara shi a asusu ɗaya, zai riƙe fastoci har a gundumomin da ba su da hali. Masu karɓa, da yawansu mata, suka riƙa bin gidaje da littafi a hannu. Cikin shekara huɗu aka gina majami'u sama da 700 da ɗaruruwan makarantu. Ɗabi'ar tarawa da rubutawa da zaure ya koya wa mutane ita ce ta yi wannan aiki. Ita ce kuma ta sa wani faston ƙauyen Ruthwell, Henry Duncan, ya buɗe bankin ajiyar talakawa a 1810, wanda ake lissafa shi a matsayin na farko irinsa.

A lokacin kujerar tuba tana mutuwa. Inda majami'u uku suke gasa a gari guda, wanda aka matsa wa sai ya koma na gaba, kuma a unguwannin masaƙu na Gilasgo da Dundee babu dattijon da zai iya sanin kowa. Da tilas ta gagara, ikilisiya ta koma jawo mutane da hidimomi, sai daren kowace rana ya sami abinsa: taron addu'a a tsakiyar mako, koyon waƙa, ƙungiyar yaƙi da shan giya, ajin ɗinki, makarantar Lahadi. Kayan kiɗa suka dawo, cocin Greyfriars na Edinbara ya kafa babbar oga a 1865. A Oktoban 1883 wani malamin makarantar Lahadi a Gilasgo, William Alexander Smith, da ya gaji da rashin jin yaransa, ya sa su fareti irin na soja, daga nan aka sami ƙungiyar Boys' Brigade, wadda masu kakinta da gangunansu sanannu ne yau a majami'un Jos da Kaduna. A 1887 Archibald Charteris ya kafa ƙungiyar matan coci. Mata su ne suka ɗauki yawancin wannan sabon mako, amma ba a yarda su zama dattawa a Cocin Sikotilan ba sai a 1966, fastoci kuma a 1968.

Makon ya isa Kalaba

Majami'un da suka ɓalle tun ƙarni na 18 su ne suka kawo wannan tsari ƙasar da ta zama Nijeriya, ta hanyar Jamaika. Bayan an 'yanta bayi a tsibirin a 1838, ikilisiyoyin can suka ƙudura aika bishara Afirka. A Afrilun 1846 Hope Waddell ya sauka a Kalaba tare da 'yan Jamaika da injin buga littattafai. Abin da ya fara karo da shi har da kalanda, domin makon Efik kwana takwas ne, ranar kasuwa kuma tana zagayowa ta faɗo a kan Lahadi. A Creek Town, Sarki Eyo Honesty na Biyu ya ba da farfajiyar gidansa don wa'azin Lahadi, shi da kansa yake yin tafinta, daga baya kuma ya hana cin kasuwa a ranar. Duk da haka bai karɓi baftisma ba, domin sharaɗinta ya haɗa da rabuwa da matansa in ban da ɗaya.

Sauran sassan makon suka biyo baya: makaranta a ranakun aiki, ajin masu neman baftisma, Sabon Alkawari da ƙamus na Efik daga Hugh Goldie a 1862. Esien Esien Ukpabio, wanda aka fara yi wa baftisma a 1853, ya zama fasto a 1872. An kafa majalisar yanki a 1858, kuma zaurukan dattawan Kalaba suka sami kansu suna yanke maganganun da littafin Knox bai hango ba, kamar matsayin Kirista mai bayi da na mai mata da yawa. Mary Slessor, wadda ta iso a 1876, 'yar masaƙar Dundee ce da ta fara koyarwa a ajin mishan na unguwar talakawa bayan tashi daga aiki. Makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895 ta koyar da Nnamdi Azikiwe da Akanu Ibiam. Tun 1960 cocin yake amsa sunan Cocin Firesbiteriya na Nijeriya, kuma makonsa har yau yana tafe da zauren dattawa, ƙungiyar mata, ta matasa, da nazarin Littafi a tsakiyar mako.

Abin da ya rage

A Sikotilan kanta makon ya tsuke. Mambobin cocin ƙasa sun kai miliyan 1.3 a tsakiyar shekarun 1950, amma zuwa 2021 sun sauka ƙasa da 300,000. A ƙidayar 2022, kashi 51 cikin ɗari na mutanen ƙasar sun ce ba su da addini. Ana haɗe ikilisiyoyi, ana sayar da gine-gine. Ko a Lewis, jirgin ruwan fasinja ya fara tashi daga Stornoway ranar Lahadi a 2009. Makaranta da kula da talakawa da shari'a duk sun koma hannun gwamnati. Zaure yana nan yana zama, magatakarda yana karanta bayanin zaman da ya gabata a amince da shi, amma abin da ake tattaunawa ya koma gyaran rufi, ziyarar marasa lafiya da rabon abinci ga mabukata.

Wanda ya duba shekarun nan 400 zai ga cewa abubuwan da suka ba zauren ƙarfi ƙanana ne: zama a kan lokaci, rubuta kowane kwabo, makulli fiye da ɗaya, da wata hukuma a sama mai duba littafi. Ɓarnarsa kuma ta fito ne daga rashin iyaka tsakanin abin da ya shafi jama'a da abin da ya shafi ɗakin mutum, da kuma yadda mazaje kaɗai suka zauna suna yanke wa mata hukunci. A yawancin tarihinsa jama'a ba su da damar karɓar ɗaya su bar ɗaya.

Burns ya sake bayyana a gaban zauren Mauchline a Agustan 1788, wannan karon tare da Jean, suka amsa cewa sun yi aure ba bisa ƙa'idar coci ba. Aka tsawata musu, aka tabbatar da auren. Magatakarda ya rufe bayanin ranar da cewa Burns ya ba da fam guda da sule domin talakawa.